Kai Sani, kafin ka ɗauki kuɗin wani ka sayi sefa

Na ga saƙonka tun bayan la'asar, wai sefa ta fasa rufin da ka ja mata a zanen farashi, wato layin sama da farashi ya saba tsayawa a kai, ka ga dogayen kyandir, sandunan nan da ke nuna motsin farashi a zane, guda uku a jere, shin ka sauka Jibiya ka saya tunda wani ɗan'uwan babanku ya ce zai ƙara maka jari. Da ba zan ma amsa ba, don yadda ake jan layin ƙasa da na rufi ba zan sake maimaita maka ba, wanda ya yi wata shida a shagona bai iya wannan ba to ya koma sayar da katin waya. Maganar kuɗin wani da ka sako ita ta taso mani da abin da har yau in na tuna sai barci ya gagare ni.

Da farko ma sefa ba ta da ƙafar kanta, ɗaure take da yuro, sefa 655.957 yuro ɗaya tun 1999. In ka ga ta hau a Jibiya ko Mai'aduwa to ko naira ce ta faɗi, ko yuro ya hau kan dala, ko kuma iyaka ce ta motsa kamar yadda aka rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Wanne daga ciki ka duba? Na san ba ko ɗaya. Ku yaran yanzu kun kalli bidiyo biyu a YouTube kun sauke manhaja a waya shikenan kowa ya zama gwani.

Watan Fabrairun 2024 dala ta haura 1,800 a bayan fage, duk rufin da na ja sai ta fasa shi kamar ba a ja ba. Ni da na ga 2016 lokacin da aka saki naira daga 197 ta tafi wajen 280, na kuma ga Yunin 2023 da aka haɗe farashin canji, sai na ce wannan tafiyar sai 2,000. Wallahi na ga RSI, ma'aunin ƙarfin hawan farashi, ya daɗe sama da 70, na ga farashi na ƙara hawa shi kuma ya fara sanyi, alamar gajiya ce da na koya wa yara fiye da goma amma na kau da kai. Ana cikin haka wani Alhaji da muke sallah masallaci ɗaya ya zo har gida da dare, ya ce ga naira miliyan 36 in juya mashi, riba mu raba asara mu raba. Ba takarda ba shaida, don mutum ne da ya girme ni kuma mun ci abinci kwano ɗaya, kunya ta hana ni cewa a rubuta. Na saya mashi dala dubu 20 a kan 1,800, na ƙara tawa a kai.

Ƙarshen wannan Fabrairun Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa daga 18.75 zuwa 22.75, ya dawo da sayar wa 'yan canji dala, farkon Maris ya soke lasisin 'yan canji sama da 4,000. Wane kyandir ne zai gaya maka za a yi wannan? Babu. Amma ranar zaman kwamitin Babban Banki mai yanke kuɗin ruwa a rubuce take kowa ya sani, ni ne ban ɗaga kai daga kwamfuta na duba ba. Aka shiga azumi dala na zubewa, kuma dala ce a hannu ba wani sitop los, umarnin sayarwa kai tsaye in farashi ya faɗi, da zai fitar da kai, sai dai ka ɗauka da ƙafarka ka kai ka sayar, kullum in ce gobe za ta juyo. Bayan ƙaramar salla ta sauko wajen 1,100.

Nan Alhaji ya canza fuska. Ya turo ƙaninsa wai kuɗinsa rance ya ba ni, yana son miliyan 36 cif kafin sati ya zagayo. Na je da kaina na ce Alhaji ka ji tsoron Allah, ba haka muka yi ba, ka ba ni wata ɗaya farashi ya zo inda ya taɓa tsayawa a baya, ya dube ni ido cikin ido ya ce bai san wannan zancen ba. Har wajen mai unguwa ya kai ni. Na sayar a 1,150, miliyan 13 ta yi ciwon kai, filina na hanyar Dutsinma da na ajiye wa yara shi na sayar na cike mashi. Abin da ya fi ƙona mani rai, watan Mayu dala ta koma wajen 1,500, da ya yi haƙuri da rabin asarar ta dawo. Yau in mun haɗu shi ke fara miƙo mani hannu kamar ba abin da ya faru, kuma da riba aka ci na san da gudu zai zo karɓar rabinsa.

Haka hannun jari, na ji kana zumuɗin wani ƙaramin kamfani a kasuwar Legas wai kwana huɗu yana hawa. Can kashi 10 ne iyakar hawa ko sauka a rana, kuma hannun jarin da ba a cinikinsa sosai mutum biyu ma sai su zana maka kyandir mai kyau su jira ka shigo, ranar da ka tashi fita ba mai saye. In ba ka ga yawan ciniki ya biyo fasa rufi ba kar ka taɓa, ka tsaya kan irin su Dangote Cement da MTN ka koyi karatu tukuna.

Kuɗin ɗan'uwan babanku kar ka karɓa, in ka riga ka karɓa ka mayar mashi yau ɗin nan. In ya nace ya zo shago a rubuta gaban mutum biyu, da adadin da in an faɗi za a fita. Gobe ƙarfe tara ka zo da littafinka da zanen yuro da dala na wata shida, ka ja da hannunka ba hoton waya ba.