Ina karatu a Ingila, ina yi wa kamfaninmu na gida aiki ta intanet: zan iya kai su kotu?

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a Ingila da bizar ɗalibi. Kafin in taho ina aiki da wani kamfani a Najeriya, muka yi magana da baki cewa zan ci gaba da aikin ta intanet, awa 40 a mako, albashi yana shiga asusuna na gida da naira. Yanzu karatu ya yi nauyi, na nemi a rage mini aiki, manaja ya ce ko in cika awannin ko su sallame ni. A ganina Ingila ba ruwanta da wannan aiki, tunda kamfanin ba nasu ba ne, kuɗin ma ba nasu ba. Zan iya maka kamfanin a kotu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ban ga takardar ɗaukarka aiki ba, ban kuma ga sharuɗɗan bizarka ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya. Amma kafin mu je kan kotu, sai mun gyara wancan tunanin naka, domin haɗarin da ke cikinsa ya fi na barazanar manaja.

Dokar shige da fice ta Birtaniya inda kake zaune lokacin da kake aikin take dubawa. Bankin da albashi ke shiga, da ƙasar da kamfanin ya yi rajista, ba su ne ma'auni ba. Idan kana ɗakinka a Ingila ka kunna kwamfuta ka yi aikin, a idon hukuma a Ingila ka yi shi. Mai karatun digiri na cikakken lokaci galibi awa 20 aka yarje masa a mako yayin da ake karatu, wanda karatunsa bai kai digiri ba awa 10. Makon daga Litinin ake ƙirga shi, kwana bakwai, kuma ba a raba awanni tsakanin makonni a ce wannan ya cike gurbin wancan. A hutun da jami'a ta amince da shi ana iya yin cikakken aiki, sai dai ka kula, ga masu digiri na biyu lokacin rubuta kundin bincike sau da yawa ba hutu ba ne. Ke nan idan bayaninka daidai ne, akwai yiwuwar ka ninka abin da aka yarje maka.

Akwai wani ƙulli kuma. An hana mai bizar ɗalibi zaman kansa a sana'a ko kasuwanci, ko na awa ɗaya ne. Kamfanin da ba shi da ofis a Birtaniya, ba ya cire maka haraji a can, kuma yarjejeniyarku da baki ce, ana iya kallon aikinka a matsayin kwangila kake yi da kanka. Ba na cewa lallai haka za a fassara shi, amma ƙofar a buɗe take, kuma rage awanni kaɗai ba zai rufe ta ba.

Hukuncin ba wasa ba ne. Ana iya soke biza, abin kuma ya biyo ka duk ranar da ka sake nema, har da bizar zama bayan kammala karatu. Sashe na 24B na dokar shige da fice ta 1971, wanda aka ƙara a 2016, ya mai da yin aiki ba bisa izini ba laifi, da tara ko ɗauri, ana kuma iya ƙwace kuɗin da aka samu. Ba kowane lamari ke kaiwa can ba, amma ya kamata ka sani.

Na san za a ce maka wane yana Kanada yana yi lafiya. Gaskiya ne, Kanada ba ta lissafa aikin da ɗalibi ke yi wa kamfanin waje ta intanet cikin awa 24 a mako da ta ƙayyade wa ɗalibai. Amurka kuwa ta fi Birtaniya tsanani ga mai bizarta ta ɗalibi, wato F-1. Kowace ƙasa da tata dokar, ta wani ba za ta cece ka ba.

Yanzu kotu. Rikicin aiki a Najeriya hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, bisa sashe na 254C na kundin tsarin mulki. Kana da damar shigar da ƙara, amma me za ka nema? Kamfani mai zaman kansa galibi yana iya sallamar ma'aikaci idan ya ba da wa'adin da takardar aiki ta tanada ko ya biya kuɗinsa, kuma abin da akan samu sau da yawa bai wuce haƙƙoƙin da aka riƙe ba. Mafi muni, don ka kafa hujja sai ka rantse a rubuce cewa kana aikin awa 40 daga Ingila. Da hannunka ke nan ka rubuta shaidar da za a iya kama ka da ita.

Manajan nan kuwa, ban yi mamakin kafewarsa ba. Shi ba abin da zai rasa idan aka soke bizarka, shi ya sa yake magana da ƙarfi. Ka daina jayayya da shi ta waya. Ka rubuta wa sashen kula da ma'aikata cikin ladabi cewa sharaɗin bizarka bai ba ka damar wannan tsarin ba, ka nemi hutun karatu ba albashi tare da ajiye maka gurbinka, ko rabuwa cikin mutunci da biyan haƙƙinka da takardar shaidar aiki. Idan suka ƙi, a sa mai shiga tsakani. Ita kanta Kotun Ma'aikata tana da cibiyar sulhu. Kada ka lissafa awannin da ka riga ka yi a cikin wasiƙar kafin lauya ya duba ta.

Daga wannan makon ka tsayar da abin da ya haura ƙa'ida. Sannan ka ga lauyan shige da fice mai rajista a Birtaniya kafin ka je ofishin ɗaliban waje na jami'arku, domin jami'a tana da nauyin sanar da hukuma idan ta san ɗalibi ya saɓa sharaɗi. Shi lauyan zai duba maka batun haraji ma, tunda kuɗin aikin da aka yi a can yana iya shiga lissafin hukumar haraji ta Birtaniya, wato HMRC, ko da a naira aka biya. Ka tafi masa da takardar aikinka, bayanan asusun banki da kalandar zangon karatu.