Thiopental bayan jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa: yana kare ta ko yana kayar da zuciya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko allurar barci irin su thiopental da pentobarbital na ceton ƙwaƙwalwar dabba bayan jini ya daina isa gare ta. To gaskiya abin na da fuska biyu. Maganin yana kwantar da aikin ƙwaƙwalwa har buƙatarta ta iskar oksijin ta sauka kusan rabi, wani likita mai bincike, Michenfelder, ya nuna haka a karnuka a asibitin Mayo Clinic na Amurka, amma da zarar layin EEG, wato na'urar da ke auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa, ya kwanta shi ke nan, ƙarin allura ba ya ƙara komai sai illa.

Matsalar kuwa ita ce zuciya, maganin yana raunana bugunta, jijiyoyi su saki, ƙarfin gudun jini ya faɗi, kuma ƙwaƙwalwar da ta riga ta sha wuya ita ce za ta fi cutuwa idan jinin ya sake raguwa, wannan ne ke damuna wallahi. A Pittsburgh a 1978 ƙungiyar bincike ta likita Safar ta ga sauƙi a biran da aka ba thiopental, amma da aka sake gwajin da kyau ba a samu hakan ba. Sannan maganin yana sanyaya jikin dabba, sanyin ma kansa kariya ne, sai a ɗauka allurar ce ta yi kariyar. Inda ya fi nuna amfani shi ne idan jijiya ɗaya ce ta toshe na ɗan lokaci.