Nauyin da doka ta ɗora wa ƙaramin magini a wurin gini

Tambaya: Ni ƙaramin ɗan kwangila ne, ba ni da kamfani mai ofis. Nakan ɗauki aikin gina gida ɗaya ko gyaran rufi, in kira birkila da kafinta da leburori huɗu ko biyar, in sallame su kullum da yamma. Shin dokokin kare lafiyar ma'aikata sun shafe ni, ko manyan kamfanoni kawai ake nufi? Idan wani ya faɗo ya ji rauni, wa za a kama da laifi?

Amsa: Malam, dokokin sun shafe ka, kuma ƙanƙantar aikinka ba ta sauke maka nauyin ba. Abin da hukuma ke dubawa shi ne wa ke juya aikin: wa ya ce a haƙa nan, wa ya kawo tsani, wa ke da ikon cewa a dakata. Idan kai ne, to hakkin yana wuyanka, ko da biyan yini kake yi ba tare da takardar ɗaukar aiki ba. Kowace ƙasa da tata dokar, amma da yawa daga cikinsu sun yi daidai da Yarjejeniya ta 167 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1988 kan tsaro da lafiya a aikin gini. A Burtaniya, dokar tsara aikin gini ta 2015 ta wajabta rubuta tsarin tsaro kafin a fara kowane aiki, har da gyaran gidan mutum ɗaya.

Wajibi na farko shi ne ka zagaya wurin kafin kowa ya ɗauki shebur, ka gano abin da zai iya kashe mutum ko ya nakasa shi, sannan ka yanke yadda za a kauce masa. A nan ne na fi ganin ƙananan magina suna kuskure, domin sukan saya wa yara hular kwano su ɗauka sun gama. A tsarin doka, kayan da mutum ke sanyawa a jikinsa su ne mataki na ƙarshe. Ana fara neman kawar da haɗarin gaba ɗaya, misali a haɗa abin da za a iya haɗawa a ƙasa maimakon a sama. Idan hakan bai yiwu ba, sai a kafa kariyar da ke tsare kowa a lokaci guda, kamar shingen ƙarfe a gefen dandamalin da magina ke tsayawa a kai. Bayan wannan ne hular kwano da takalmi mai ƙarfi da safar hannu ke shigowa, kuma yarjejeniyar ta ce kai za ka saye su, ba a cire kuɗinsu daga ladan lebura.

Faɗowa daga sama na kan gaba cikin abubuwan da ke hallaka magina, saboda haka a nan ya kamata ka fi tsanantawa. A Amurka, dokar gini ta wajabta kariya da zarar mutum yana aiki a tsayin ƙafa 6, wato kusan mita 1.8, wanda bai kai rufin ɗaki ba ma. Tsani kuwa na hawa da sauka ne da ɗan gajeren aiki, bai dace mutum ya yini a kansa yana ɗauke da bulo ba. A jingina shi yadda gindinsa zai nisanci bango da ƙafa ɗaya a kowace ƙafa huɗu ta tsayi, a ɗaure shi, kuma kansa ya zarce wurin sauka da kusan mita ɗaya. Tsohon rufi ma yana yaudara, domin kwanon da ya yi tsatsa kan ɓurma da mutum ba tare da wata alama ba.

Ramin tushe shi ne haɗarin da aka fi rainawa. Ƙasar da ta cika mita ɗaya ta kowane ɓangare ta haura tan ɗaya a nauyi, kuma idan gefen rami ya rufta kan mutum, ko da kansa na waje, ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ya shaƙi iska ba. Shi ya sa dokar Amurka ta ce ramin da zurfinsa ya kai ƙafa 5 dole a tokare gefensa ko a kwantar da shi ya zama gangare, sai dai idan cikin dutse tsantsa aka haƙa, kuma ƙasar da aka fitar a ajiye ta nesa da baki da aƙalla ƙafa 2. Kafin haƙa a binciki inda wayar lantarki da bututu suka bi, bayan ruwan sama kuma a sake duba ramin kafin kowa ya shiga.

Akwai kuma cutarwar da ba ta bayyana nan take. Ƙurar yankan bulo da kankare na ɗauke da silika, wato wani sinadari da ke cikin yashi da dutse, wadda ke taurara huhu cikin shekaru, kuma huhun ba ya komawa yadda yake. Zuba ruwa yayin yankan na rage ta ƙwarai. Ɗanyen siminti yana ƙona fata idan ya shiga cikin takalmi ya daɗe. Ruwan sha, makewayi, wurin wanke hannu da kayan taimakon gaggawa duk suna cikin abin da yarjejeniyar ta lissafa, ba alfarma ba ne.

Game da wanda za a kama da laifi, idan ka kira mai walda ko mai haɗa lantarki da nasa yaran, shi ma yana da hakkin mutanensa, amma daidaita aikin kowa yana kan wanda ke riƙe da wurin. Ma'aikaci ma wajibi ne ya bi umarni ya yi amfani da kayan da aka ba shi, sai dai za a tambaye ka ko ka koya masa, ko kuma ka gan shi yana ganganci ka yi shiru. Yana da 'yancin janye jikinsa idan ya ga haɗari na gab da afkuwa, kai kuma dole ka tsayar da aikin nan take.

Idan rauni ya faru, a fara kai mutum asibiti, a rubuta abin da ya auku a ranar, sannan a sanar da hukumar ƙwadago. A Burtaniya, raunin da ya hana mutum aiki fiye da kwana 7 dole a kai rahotonsa cikin kwana 15, kuma mai ɗaukar ma'aikata sai ya riƙe inshorar da ba ta gaza fam miliyan 5 ba. Ka je ofishin masu duba harkar ƙwadago na ƙasar da kake aiki ka nemi wa'adin rahoto da tsarin biyan diyya da ya hau kanka, tun kafin ka karɓi kwangila ta gaba.