Amsa ga mai son buɗe shagon gem ba tare da sayen na'ura ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya buɗe shagon gem a Kawo ka dogara da wasan da ake bugawa kai tsaye ta intanet, tunda ka ji Google na da irinsa. Ai manhajar tasu, wato Stadia, ta riga ta mutu. An ƙaddamar da ita a Nuwamba 2019, a Fabrairu 2021 Google ya rufe sashensa na ƙirƙirar wasanni a Montreal da Los Angeles, sannan a Janairu 2023 ya kashe ta gaba ɗaya, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Dama can ba ta taɓa zuwa Najeriya ba.

Ko da wani kamfanin ka samu, matsalarka data ce. Wasan yana gudana ne a kwamfutocinsu na can nesa, kai hoto kawai ake turo maka. Lokacin da take aiki, Stadia kan cinye har gigabait 20 a awa ɗaya a hoton 4K, wato hoto mai matuƙar kyau. Nawa yaro zai biya ka mayar da wannan? Ga jinkiri kuma: ya danna harbi, ƙwallo ba ta tashi ba sai da aka kwace ta, rigima ta ɓarke kenan.

Ni dai na'urar gem ta PS4 ta hannu zan saya, ragowar kuɗin in zuba a sola, don wutar Kaduna ka san halinta.