Akwatin Tambayoyi: Gwangwanin Kaka da Kwabon 1936

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Kakarmu ta rasu bayan Babbar Salla. Da aka buɗe adakarta sai muka iske gwangwani cike da tsofaffin kuɗi: anini da kwabo masu huda sun fi hamsin, sulalla tara, liyari huɗu da take ratayawa a wuya, sai takardar fam ɗaya da tsofaffin Murtala uku. Wani mutum ya zo har gida ya ce kwabon 1936 kaɗai yana iya sayen mota, amma sai mun ba shi kuɗin gwaji ya tafi da shi Legas. Yanzu kawunnaina sun ce ba za a raba gado ba sai an san ƙimarsu. Mi za mu yi? Daga Luba, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan tsohuwa, ya sa ta huta.

Mutumin nan ku sallame shi. Mai saye na gaskiya shi ke ciro kuɗi daga aljihu, ba ya karɓar na mai kaya. Na daɗe ina jin irinsu, yau kwabo, gobe tsohon dutsen guga wai akwai wani sinadari a ciki.

Amma ƙaryarsa a kan gaskiya ya gina ta. Kwabon 1936 na ɗauke da sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga sarautar Ingila a watan Disamba na shekarar, ko shekara guda bai cika ba. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba, shi ya sa 'yan kaɗan da aka buga a can ke da tsadar gaske. Namu na Afirka ta Yamma kuwa, da yake hudar tsakiya ta hana a sa hoto, suna kawai aka rubuta, aka buga miliyoyi. Ni kaina ina da bakwai da na gada daga mahaifina, ɗan kasuwar fata, jikokina ke wasan 'yar carafke da su. A kasuwannin masu tara kuɗin tarihi, wanda ya sha hannu bai wuce 'yan daloli kaɗan ba.

Tsufa ba ya sa kuɗi tsada. Ƙarancinsa ake dubawa, da lafiyar jikinsa, da ƙarfen da aka yi shi da shi. Ɗauki anininki ɗaya bayan ɗaya ki karanta shekara. Na farko an buga su a 1907, da gorar ruwa, ba su da nauyi ko kaɗan, ga rubutun Larabci kewaye da hudar, ga tauraro mai tsini shida a baya. In kin sami irinsa ki ware shi. Ki kuma nemi ƙaramin harafin H ko KN, alamar masana'antar da ta buga shi a Birmingham, domin akan sami shekara ɗaya wani harafin ya yi yawa, wani ya yi wuyar samu.

Inda nake ganin hakkin magada yake shi ne sulalla da liyari. Sule mai bishiyar kwakwa da aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce, kusan giram biyar da rabi. Na baya, masu launin rawaya, tagulla ne. Liyari kuma za ki ga 1780 a jikinsa, kada wannan ya ruɗe ki: shekarar da Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya ta rasu ce, kuma ita aka ci gaba da bugawa a kan duk wanda aka ƙera bayanta. Ta Sahara fatake suka riƙa shigo mana da shi, iyayenmu mata suka mai da shi ado da ajiya. Kowane ɗaya giram 28 ne, azurfa zalla a cikinsa ta ɗan haura giram 23. Tunda an yi masa kunnen rataya, masu tarawa ba za su kula shi ba, amma azurfar na nan. Ku kai wa maƙerin farfaru ko masu sayar da zinari a babbar kasuwa, a gwada a auna a gaban kawunnanki biyu. Ku ji bakin mutum uku kafin ku sallama.

Takardun fa? Banki ba ya karɓarsu. Fam ya bar aiki da zuwan naira a 1973, Murtala ta fito a 1977, aka canja launinta a 1984. Wadda aka ninke har ta yi laushi kamar tsumma ba ta da mai saye, sai wadda ke ƙarau kamar yau ta fito. In kuna da mai duba eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ya dubi farashin da aka riga aka sayar, ba wanda mai kaya ya rubuta yana mafarki ba.

Ni da za a bi ta tawa, a sayar da azurfar a zuba cikin gado, kwabban a raba wa jikoki kowa ya riƙe na tunawa. Sai dai wannan da yardar magada ne, a sa malamin da ke rabon ya ji ta bakinsu.

TAMBAYA: Malam, sulallana sun yi baƙi. In goge su da toka da lemun tsami kafin in nuna wa mai saye? Daga Bello, Illela.

AMSA: Kul, Malam Bello! Wannan baƙin da kake ƙi shi mai saye ke so, shi ke shaida ba a taɓa su ba. Toka na kankare rubutu ta bar zane-zane, farashi ya zube. Naɗe kowanne a takarda daban don kada su gogi juna, ka ajiye inda damshin damina ba ya kaiwa.