Al'ada ta ɗauke min, gwiwa na ciwo, wai motsa jiki zai taimaka?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 49, ina zaune a Pantami nan Gombe. Wata 14 kenan rabona da al'ada, tun daga nan sai in ji zafi ya taso min daga ƙirji har fuska, ga gumi cikin dare, barci ya ƙi, ga tumbi ga ciwon gwiwa. 'Yata tace in riƙa motsa jiki, nace ai aikin gida ma motsa jiki ne. Da gaske zai min amfani a shekaruna?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Tunda kin wuce wata 12 ba jini toh al'adar ta ɗauke kenan, kuma lokacinta ne, yawancin mata tsakanin shekara 45 zuwa 55 suke shiga. 'Yarki gaskiya ta faɗa miki.

Kinga akwai wani sinadari istirojin da ƙwan mace ke fitarwa, shi ke riƙe ƙarfin ƙashi duk shekarun nan, da ya ja baya sai ƙashi ya fara zaizayewa da sauri musamman shekarun farko, kuma abin da ke damuna da shi baya ciwo baya nuna alama, sai ranar da santsi ya kwashi mace a banɗaki ƙugu ko wuyan hannu ya karye. Tsoka ma raguwa take, kitse ya koma ciki. Shi ƙashi sai ana ɗora masa nauyi yake ƙara ƙarfi, shi yasa zaman tabarma yake cutar da ku fiye da yadda kuke zato.

Shara da wanke-wanke suna da amfani amma basu isa ba, balle yanzu da yara da jikoki suka karɓe aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya tace aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 sau 5, tafiya mai ɗan sauri wadda numfashi zai ɗaga amma kina iya magana. Da zafin Gombe ki fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, da hijabinki da takalmi mai taushi, in kin samu maƙwabciya ku tafi tare yafi ɗorewa. In fita ba zata yiwu ba zagayen tsakar gida ma yayi. Ki fara da minti 10.

Sai ƙarfafa tsoka sau 2 a sati, wannan shi mata suke tsallakewa. Ki zauna kan kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba sau 10, ki tura bango da hannu biyu, ki ɗaga goran ruwa. Tashi da zaman nan shine maganin gwiwar taki, don tsokar cinya in tayi ƙarfi ita ke ɗauke wa gwiwa nauyi. In fitsari na ɗan zubo miki lokacin tari ko atishawa, ki riƙa matse gabanki kamar mai riƙe fitsari na daƙiƙa 5 ki saki, sau 10, safe da rana da dare.

Maganar zafin da ke taso miki kuwa bazan miki alkawarin zai tafi saboda motsa jiki ba, amma barci yana gyaruwa, ƙuncin rai yana raguwa, hawan jini da suga suna sauƙin riƙewa. In zafin ya hana ki sakat akwai magani, ki ga likitan mata. Ki haɗa da kindirmo, zogale da riɗi saboda ƙashin.

Kafin ki fara a auna miki jini da suga. In kina tafiya kika ji ciwon ƙirji ko jiri ki tsaya nan take ki nemi asibiti. Kuma dan Allah Hajiya, in kika sake ganin jini ko ɗigo ɗaya ne kar kice al'ada ce ta dawo, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba mahaifar cikin satin.