Salansar Fijo 504 na hurawa a jikin inji

Ɗan'uwa daga Gusau, ka ce an ɗaura wa tsohuwar 504 ɗinka sabbin bututun salansa, amma hayaƙi na tsiyaya inda suka haɗu da kan inji. Yawanci walda ce ke lanƙwasa fuskar ƙarfen da ke haɗa bututun da kan inji. A kwance bututun, a ɗora rular ƙarfe a kan fuskar. In haske ya ratsa, sai an goge ta ta miƙe. A kankare tsohon gaskit tas, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarafan biyu don toshe hayaƙi, a sa sabo, kada a shafa gam, wuta za ta cinye shi. Notuna kuwa daga tsakiya ake fara ɗaurewa zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Inji ya yi zafi ya huce, a sake ɗaurewa. Don Allah kada ka jinkirta, hayaƙin nan in ya shiga mota yana kisa.